Inda Jan Layi Ya Tsaya

Ungulaye ne suka fara ba da labari. Da hantsin Asabar suka yi ta kewaya saman kwarin da ke gabas da gonar Hajiya a Gedambaliya, ba su sauka ba, ba su tafi ba, har matan da ke kalar dawa suka bar waƙa suka tsaya suna kallon sama. Da aka je, sai ga Babiker mai gadin rumbun riɗi kwance ruf da ciki a ƙasan kwarin, ƙeyarsa a fashe, carbinsa na nan naɗe a yatsunsa.

Aka aika wa Abdulhamidu mai bin sawu. Saurayi ne siriri mara yawan magana, wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Ana cewa da taku kaɗai yana gane mace mai ciki da raƙumi mai ido ɗaya. Ya sauka kwarin, ya durƙusa, ya yi ta kewayawa har zufa ta jiƙa jallabiyarsa. Da ya ɗago, fuskarsa babu haske.

"Ƙasa ta yi magana," in ji shi, "amma an tattake mata baki."

Da yammacin Juma'a makiyaya sun saki raƙuma cikin karan dawa, kamar yadda ake yi duk bayan girbi. Garken ya bi ta kwarin. Babu taku, babu taya, sai tafin raƙumi kan tafin raƙumi.

*

Kafin ya dawo hilla, wato cikin ƙauye, jama'a sun riga sun yanke hukunci.

A ƙofar maktab, ofishin gona, Hatim, wakilin Hajiya, ya ɗaga wata takarda sama. A bara ne Hajiya ta sa aka maƙala wa kowace tarakta da mota wani ɗan jihazi, na'ura mai faɗin inda take. Huda ce ke mayar da saƙonninsa zane. Ita kuwa yaƙi ne ya koro ta daga Khartum, ta baro jami'a da gidan ubanta, ba ta fito da komai ba sai kwamfutarta a cikin buhun tufafi. Kowace mota da launinta. Shuɗi na boksin Hatim ne, motar nan mai buɗaɗɗen baya. Ja na taraktar Husain ne.

Jan layin ranar Juma'a ya fita daga hilla ana cikin huɗuba, ya miƙe har bakin kwari, ya dawo. Shuɗin kuwa ɗigo ne guda a ƙofar gidan Hatim.

"Ni ban ce komai ba," in ji Hatim a hankali. "Takarda ce ta ce. Kuma wadda za ta auri Husain ce ta zana."

Kowa ya tuna cewa a kasuwar Laraba Babiker ya kira Husain ɗan gudun hijira mara asali, Husain ya shaƙe shi sai da aka raba. Husain baƙo ne, daga Jazira ya zo, ba shi da kowa a nan.

An kulle shi a ɗakin ajiyar taki. Haitham, babban ɗan mamacin, yana zaune a bakin ƙofar da wuƙa ɗaure a damtse, 'yan uwansa a bayansa da gorori.

"Bolis, 'yan sandan Gadarif, sun ce sai gobe," in ji Haitham, idonsa jawur. "Ni na ce sai la'asar. Albarkacin Hajiya da dattawa ne ma. Wallahi rana ba za ta faɗi a kansa yana numfashi ba."

Hajiya ta dubi Abdulhamidu. "Ɗana, ka ji. Abin da za ka gani, ka gan shi kafin la'asar."

Abdulhamidu ya ce to. Abin da bai ce ba, wanda babu mahalukin da ya sani, shi ne tun ranar da Huda ta sauko daga lori da buhunta a ka, ya haddace takunta. Yana gane shi cikin sawun mata ɗari a bakin rijiya, ƙafar hagu na ɗan karkata ciki kamar mai jin kunya. Bai taɓa furtawa ba. Yana ta tattara kalmomi, Husain ya riga shi faɗi.

*

Ta tsagar ƙofa suka yi magana.

"Ina kake ana Juma'a?"

"A kan angarib, gadona na igiya, zazzaɓi na kaɗa ni." Muryar Husain ta dishe. "Ban san rana ta yi ba sai da ta faɗi."

"Wa ya gan ka?"

"Allah."

"Ban da Shi."

Husain ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo. "Ya zol, bawan Allah, wa ke leƙa ɗakin baƙo? Na shaƙe tsohon, gaskiya ne, kuma na je na ba shi haƙuri da sukari a hannuna. Tambayi matarsa." Ya matso da bakinsa. "Abdu, in abin ya faru, ka ce wa Huda ba laifin hannunta ba ne. Na san ta, za ta kashe kanta da tunani."

Abdulhamidu ya ji kamar an soka masa ƙaya a ƙirji. Ya je ya duba taraktar, amma Husain ya fita da ita aiki da asubar Asabar da jikinsa ya yi sauƙi, tayoyin sun sha sabuwar ƙasa. Jihazin na nan ƙarƙashin kujera.

*

Mohanad makanike, wanda ya ɗaura jihazan, yana kwance ƙarƙashin wata lori. Hannunsa na dama naɗe da tsumma mai jini.

"Me ya samu hannun?"

"Fanka. Ko ita ma za ka bi sawunta?"

"An ce ba a gan ka a masallaci ba."

"Yaushe aka taɓa ganina?" Ya turo kansa waje yana murmushi. "Ina garin Doka. Babur ɗina ya san hanya."

"Wurin wa?"

Murmushin ya gushe. "Wurin wadda ubanta ba ya son jin sunana. In ka faɗa, gawa biyu za ku binne."

Abdulhamidu ya dube shi da kyau. Babiker ya taɓa kai ƙararsa kan satar gas, kowa ya sani. Ga rauni, ga babur, ga ɓoye-ɓoye.

"Jihazin nan, cire shi na da wuya?"

"Wuya? Maganaɗisu ne, da batirinsa a ciki. Ko akuya ta ciza za ta tafi da shi." Sai ya lura da irin kallon da ake masa, ya tashi zaune. "A'a, a'a. Kar ka dube ni haka. Rabin hillar nan sun ga yadda na manna shi."

Ladan ya kira azahar. Inuwa ta fara komawa gabas.

*

Ya iske Huda ita kaɗai a maktab, ta kifa kai a kan tebur kusa da kwamfuta. Idanunta sun kumbura.

"Yaya Abdu," ta ce, kalmar da kullum ke yanka shi, "ni na kashe shi. Wakili ya ce in fitar da zanen jiya, na fitar ban ko duba ba."

"Bai mutu ba tukuna, Bashmuhandisa, injiniyarmu. Nuna mini."

Ta juyo masa allon. Jan layi mai kauri, sumul, kamar zaren da aka ja da jini. Ya daɗe yana kallo. Ya saba da sawu mai diddige da yatsu, wannan kuwa ba shi da ko ɗaya.

"Abin nan ba ya taka ƙasa ne? Ja da ciki yake kamar maciji?"

"Yana takawa." Ta share hanci da gefen taubin da ta yafa. "Jihazin yakan ce ga ni nan, ya yi shiru, ya sake cewa ga ni nan. Tazarar lokacin ɗaya ce kullum. Ni kuma in ba wa barnamij, manhajar zane, wuraren, shi ya haɗa kowane da na gabansa da ɗan guntun layi. Gaɓa-gaɓa ne, kamar karan dawa."

"To ina gaɓoɓin?"

"Na ɓoye su. Hajiya ta ce ɗige-ɗigen na sa mata jiri. Sai na cire alamomin, na ƙara kauri, na sa bakin kowace gaɓa ya zama mai kewaye don su narke cikin juna. Na yi masa kwalliya ne kawai." Muryarta ta karye. "Kwalliya!"

"Cire kwalliyar."

Yatsunta suka hau madannai. Ta canza kalma biyu-uku cikin rubutun. Layin ya rame ya zama kamar gashi, a kan kowace mahaɗa kuma baƙin ɗigo ya fito.

Abdulhamidu ya matso kusa da allon. Sawu ne. Sawu sosai.

"Kawo na taraktar na wata rana, ki ajiye kusa da shi."

Ta kawo na Talata, ta sa shi kore. Ɗigon Talata a matse suke kamar tsakiyar carbi, takun tsohuwa mai ɗauke da tulu. Na Juma'a kuwa tsakanin ɗigo da ɗigo sai ka shimfiɗa yatsa.

"Wannan gudu yake," ya ce. "Tarakta ko aljanu ke tura ta ba ta yin wannan taku."

Huda ta miƙe tsaye, kujera ta faɗi. "An ɗauki jihazin! An sa shi a wani abu!" Sai kuma ta koma ta zauna. "Amma Haitham zai ce Husain ya ari babur. Wa zai hana shi faɗi?"

Gaskiya ta faɗa. Babur ɗin Mohanad, boksin Hatim, lorin kasuwa, kowanne na iya wannan taku. Abdulhamidu ya bi layin da ido daga hilla, sannu a hankali, yadda mahaifinsa ya koya masa: kar ka tambayi sawu inda ya je, tambaye shi abin da ya yi a hanya. A tsakiyar tafiyar ya ga wani ɗigo da ya fi sauran duhu.

"Wannan fa? Ya fi 'yan uwansa ƙiba."

Ta buɗa wurin ya cika allon. Ba ɗigo ɗaya ba ne. Gaɓoɓin sun gajarce, sun gajarce, sannan suka taru wuri guda suka ƙulle kamar ƙullin igiya, kafin su sake miƙewa.

"Ya tsaya a nan," in ji Huda. "Da kaurin da na sa, duk ya haɗiye shi. Mene ne a wurin? Babu gida, babu rijiya."

Abdulhamidu ya san mene ne a wurin. Ya kuma san wa ke tsayawa.

Wani abu baƙi ya taso masa daga ciki, ya raɗa masa cewa babu wanda ya ga abin da ya gani. Abin da zai yi kawai shi ne ya ce bai sani ba. La'asar za ta yi da kanta, ba da hannunsa ba. Huda za ta yi kuka shekara guda, shi kuma yana nan, mai haƙuri ne, ya iya jira. Ya dubi ƙafarta ta hagu a ƙarƙashin tebur, ta karkata ciki. Ya nemi tsari daga Shaiɗan a fili, har ta ɗago ta dube shi.

"Yaya Abdu?"

"Za ki iya ɗora tsofaffin tafiye-tafiyen mota ɗaya a kan juna, duka, ba tare da sun rufe juna ba?"

"In na sa su shara-shara. Inda suka yawaita sai launin ya yi duhu."

"Yi wa kowace mota. Babur ɗin Mohanad ba shi da jihazi, bar shi, wannan nawa ne. Ki kawo kwamfutar gindin bishiya in an kira salla. Kar ki nuna wa kowa, ko Hajiya."

Ya fita da sauri, ya nufi gabas.

*

Ana sallame la'asar, Haitham ya miƙe. Ba a ko shafa addu'a ba.

"Zauna, ɗan Babiker," in ji Hajiya. "Ga mai sawu nan tafe."

Abdulhamidu ya iso da ƙura har gwiwa. Ya sa aka fito da Husain, aka kira Mohanad, aka shimfiɗa wa Hatim darduma kusa da Hajiya. Huda ta ɗora kwamfutar a kan tanki. Iska ta tsaya cak, ko ganye ba ya motsi.

Ya fara da takun, kore kusa da ja. Manoma ne, sun san tarakta, ba su buƙaci dogon bayani ba. Gunaguni ya tashi, idanu suka koma kan Mohanad da tsumman hannunsa.

"Na shiga uku," in ji Mohanad. "Daga gyaran fanka!"

"Ko shi, ko wanda ya ara wa babur," in ji Hatim. "Bakinsu ɗaya."

"Wakili," in ji Abdulhamidu, "kai ina kake jiya?"

"Ga shuɗin ɗigo nan. Ban fita hilla ba, motata ba ta motsa ba. A sahun baya na yi salla."

"Ko nan da can ba ka je ba?"

"Sau nawa zan faɗa?"

"Kwayyis, madalla. Bashmuhandisa, buɗa mana ƙullin."

Ƙullin ya cika allon. Abdulhamidu ya juya ga jama'a. "Wanda ya ɗauki jihazin Husain yana sauri, zai je ya kashe mutum kafin a sauko daga masallaci. Amma a nan ya taka birki, ya sauka, ya daɗe. Wa ya san wurin nan?"

Wani tsoho ya matso ya ƙura ido. "Ai maƙabarta ce."

"Husain, wa kake da shi a maƙabartar Gedambaliya?"

"Matattuna duk suna Jazira."

"Mohanad fa?"

"Wannan ko don rayayyu ba ya tsayawa," wani ya ce daga baya. Babu wanda ya yi dariya.

Huda ta danna. Tsofaffin layukan taraktar suka fito, ja shara-shara, suka wuce maƙabarta sumul. Na lori ma haka. Sannan shuɗin ya zo, tafiyar damina da ta kaka a kan juna kamar hayaƙi, ko'ina fari-fari, sai wuri ɗaya tak da ya yi duhu kamar tabon mari. Ta ɗora jan ƙullin a kai. Ya zauna daidai.

Babu leburan da bai taɓa gasuwa a bayan boksin Hatim ba, yana jiran wakili ya gama Fatiha a kan kabarin mahaifiyarsa Bakhita. Tun da aka binne ta bai taɓa wucewa bai tsaya ba. Har yabonsa ake yi a kan haka, iyaye mata na cewa Allah ya ba su ɗa irinsa.

"Zane ne," in ji Hatim. "Yarinyar na son ceton saurayinta. Yau ja, gobe shuɗi, abin da ta ga dama take yi."

"Shi ya sa na je da ƙafata. Maƙabarta na da shingen ƙaya, raƙuma ba su shiga ba. An zuba wa kabarin Bakhita ruwa jiya da rana, laka ta bushe da sawun takalmin markub a ciki, diddigen dama ya cinye ta waje. A bakin shinge kuma ga tayar boksi mai faci. Jihazin motarka ka cire ka bari a ƙofar gida, ka maƙala na Husain. Ka ce ba ka fita ba, wakili. Cire takalminka mu je mu gwada."

Duk idanu suka sauka kan ƙafar Hatim. Shi ma ya dube ta, kamar ta wani ce.

Hajiya ta dafe ƙirji. "Babiker ya ce mini yana da magana a kan riɗin da ke fita ta kwari. Ya ce sai bayan Juma'a." Ta juya a hankali. "Kai kaɗai na gaya wa, Hatim."

Hatim bai gudu ba. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka soma rawa.

"Na yi niyyar wucewa," ya ce da wata irin murya ƙarama. "Wallahi na yi niyya. Ƙafata ce ta taka birki. Yaya zan wuce ta ban gaishe ta ba?"

Haitham ya yi kururuwa ya zare wuƙa. Maza suka rufa masa, shi kuwa Husain, wanda igiya ke hannunsa har yanzu, shi ya shiga tsakani da ƙirjinsa.

"Kar ka yi, ɗan'uwa! Ɗazu da ni ka kashe. Bar wa hukuma."

Wuƙar ta faɗi a ƙasa. Aka kai Hatim ɗakin takin da aka fito da Husain, aka sa kwaɗo, dattawa suka zauna a ƙofar.

*

Rana ta yi ja a kan karan dawa lokacin da Huda ta same shi a bayan maktab.

"Yaya Abdu, ban san da wane baki zan gode maka ba."

"Ke kika zana."

"Kai ka ce in cire kwalliyar." Ta yi murmushi cikin hawaye. "Daga yau ko Hajiya za ta suma, ɗigon nan ba ya fita. Kuma ranar ɗaurin aure kai ne a gaba, ka ji? Husain ba shi da wa a nan. Ya ce kai ne wansa."

"In sha Allah," ya ce.

Ta juya da gudu-gudu. Husain na jiranta a bakin hanya, yana murza wuyan hannunsa inda igiya ta ci. Suka tafi tare, ba su taɓa juna ba, tazarar mutunci a tsakaninsu.

Abdulhamidu ya dubi ƙasa, don bai iya duban wani wuri ba. Ga sawunta a kan ƙura, kusa da na Husain. Ƙafar hagun nan da ya haddace, mai karkata ciki kamar mai jin kunya, yau ta miƙe sak.

Ya daɗe a tsaye. Sannan, karo na farko tun da mahaifinsa ya ɗora masa sana'a, ya ga sawu sarai a gabansa, ya juya ya bi wata hanya.